Naitiret ya ƙi sauka a tankin murjanina, in fara zuba khal?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 300. Naitiret da fosfet, wato sinadaran da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, sun yi yawa: naitiret ya tsaya a 40 ppm (ma'aunin yawansa a ruwa), fosfet a 0.2, duk da canjin ruwa da nake yi kowane mako. Gansakuka ta rufe duwatsu kamar gashi, murjanin da na saya kore shar ya koma ruwan ƙasa. An ce mini in riƙa ɗiga vodka a tankin don su sauka, amma giya ba za ta shiga gidana ba. Akwai wata hanya?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, farin khal na girki mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 zai yi aikin. Ba khal ɗin ke cinye naitiret ba, abinci ne kake ba bakteriya. Idan suka samu sinadarin kabon da ke cikin khal ɗin sai su hayayyafa, su zuƙe naitiret da fosfet su gina jikinsu, sannan sikima, wato na'urar kumfa, ta kwashe su zuwa kofinta. In ba ka da sikima mai ƙarfi, kada ma ka fara. Fara da mililita 2 zuwa 3 a rana, ka ƙara kaɗan duk mako kana gwaji. Za ka ga dattin kofin ya yi duhu da kauri, da wari.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan amsa ta farko, da rana za ka zuba, lokacin da fitilu ke kunne, domin khal na saukar da pH, wato yana ƙara wa ruwa tsami. Abin da ya fi damuna shi ne iska. Bakteriyar nan na shan iskar da kifi ke shaƙa. Idan ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara, to khal ɗin ya yi yawa, rage rabi nan take. A inda ake yawan ɗauke wuta kuwa, tanadi famfon iska mai batir tukuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To fosfet ɗin fa, tare za su sauka?

Amsa ta uku: A'a ɗan'uwa, bakteriya sun fi cin naitiret nesa ba kusa ba, fosfet yakan yi saura, sai ka haɗa da GFO, wato ƙwayoyin tsatsar ƙarfe da ke kama fosfet. Kuma don Allah kada ka saukar da naitiret da fosfet zuwa sifili, murjani zai koɗe don yunwa. Naitiret na kaiwa wajen 5 zuwa 10, rage khal ɗin zuwa rabi ka tsaya a nan.