Idan sana'a ta tsaya cak a Legas, ta ina mutum zai fara?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu wurare a watan Yunin 2022, ga kuma cire tallafin mai a 2023, yaranmu da yawa sun rasa madafa. Wani ya tattara ya koma gida, wani ya faɗa shan ƙwaya, wani kuma wata uku ya miƙe da wata sana'ar. Ban da "a yi haƙuri", me ya kamata a koya wa mutum tun kafin abin ya same shi?

Mai Albasa, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Haƙuri dole ne, amma mai ajiya ya fi jimawa a kansa. Kullum kafin ka bar bakin kasuwa, raba ciniki gida uku: jari, cefane, ajiya. Kuɗin ajiyar ko ɗaya bisa goma ne, ka dage har ya kai kuɗin abinci da na mota na wata uku. Kar ka bar shi a asusun da ake turo maka kuɗin ciniki, don hannu ba ya raina abin da yake gani.

Inda aka fi faɗuwa wuri biyu ne. Mutum ya yi kwasar farko a adashe ya kashe a hidimar Sallah, ya manta bashi ne, zubi na nan na jiransa. Sai sayar da mashin a satin farko. Dillalai na ganin fuskarka sun san a matse kake, za su taya maka a wulaƙance. Ka jira ƙura ta lafa, ko ka ba amintacce ya yi aiki da shi inda ba a hana ba, da takarda da shaidu biyu.

Yayar Idi-Araba:
Ƙanina, a haɗa da sanin haƙƙi, yana rage firgita. A dokar hayar gida ta Jihar Legas ta 2011, in babu wata yarjejeniya daban, mai biyan shekara sai an ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata kuma wata ɗaya. Amma dokar ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba. Rasit ɗin haya da takardun mashin, a ɗauki hotonsu a tura wa ɗan uwa. Ruwa ko gobara ba sa tambaya.

Malamin Asibiti, Yaba:
Jiki ne ke ɗauke da zuciya. Wanda aiki ya kuɓuce masa kar ya sauya lokacin tashi: daga Asuba ya fita, ya taka ƙafa minti 30, ya ga mutum biyu da ke cikin sana'ar da yake hari. Zaman ɗaki da waya har ƙarfe biyun dare shi ke kashe barci, rashin barci kuma ke kai yaro ga tramadol.

In ya kai mako biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina zuwa majalisa, nasiha kaɗai ba ta isa ba. A raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba. In ya fara zancen gara ya mutu, kar a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya, a kira lambar gaggawa 112.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Malam, in yaron ya ƙi zuwa, yana cewa shi ba mahaukaci ba ne fa?

Malamin Asibiti, Yaba:
Ku fara da zancen barcin, shi ba wanda ke jin kunyarsa. Kuma wanda yake jin nauyinsa, kawunsa ko limaminsu, shi zai raka shi.