Muhawara: Dole ne harshe ya kwanta in ana rera waƙa?

Malam mai kwaya: Jama'a barkanmu da war haka. Maganar da na faɗa wa ƙanwarmu jiya ina nan a kanta, kuma ina so kowa ya ji. Wanda bai iya kwantar da harshensa ba bai fara waƙa ba. Kan harshe ya zauna a bayan haƙoran ƙasa, sauran ya shimfiɗe a ƙasan baki, sai murya ta sami hanyar fita. Haka aka koya mana, haka nake koya wa mawaƙanmu na coci. Duk wanda kuka ji muryarsa tana shaƙewa in ya hau sama, ku sa ya buɗe baki, za ku tarar harshen ya tattare ya koma baya.

'Yar amshi: Malam, wallahi na gwada. In na danne shi muryata takan yi kauri, kuma bayan an tashi sai in ji ƙarƙashin haɓata yana ciwo. Wata ma cewa ta yi in riƙa danne shi da bayan cokali a gaban madubi har ya saba. Shi ya sa na kawo maganar nan, don na rikice.

Sha'iri: Ƙanwata, ajiye cokalin nan. Ni a ganina duk wannan ƙaƙale ne. Mu da muke bege, wani lokaci daga bayan isha'i har asuba a watan Maulidi, wa ya taɓa tsayawa tunanin inda harshensa yake? Ki sake shi gaba ɗaya, ki manta da shi. Murya baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi.

Malam mai kwaya: Baiwa ce, ban musa ba. Amma masu baiwa nawa muka gani muryarsu ta tafi tun suna da sauran ƙarfi? Ai baiwar ma tana son tattali.

Ɗalibin likitanci: Ku ba ni dama in sa baki, don ciwon da ta ambata yana da dalili. Abin da muke gani in mun buɗe baki ba shi ne duka harshen ba. Tsoka takwas ce ke aikinsa. Huɗu suna cikinsa, su ne ke canza masa siffa, ya yi tsini ko ya yi faɗi. Huɗu kuma sun ɗaure shi da wasu wurare, su ne ke kai shi gaba, baya, sama da ƙasa. Gindinsa yana manne da wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa da ke sama da zakaran wuya, kuma a jikin wannan ƙashin ne akwatin murya yake rataye. To idan mutum ya danne harshe da ƙarfi don ya shimfiɗe, naman ba ɓacewa yake yi ba, wani wuri zai koma. Baya yake komawa, ya cike maƙogwaro, ya danna akwatin muryar ƙasa. Wato Malam, abin da kake tsoro, harshe ya koma baya, shi ne dannewar take jawowa.

Malam mai kwaya: Ni ban ce a danne ba. Cewa na yi a kwantar.

'Yar amshi: To Malam, ai in ka ce wa mai koyo ya kwantar, kuma ya duba madubi ya ga bai kwanta ba, dannewa zai yi. Abin da ya same ni ke nan.

Malamar Hausa: Nan ne nake son in tsaya, domin ni matsalata da wannan doka ta wuce ta ciwon haɓa. Kowa ya ce "aa" ya ja, sannan ya ce "ii" ba tare da ya motsa leɓe sosai ba. Me ya motsa? Gaban harshe ne ya tashi zuwa ganɗa. Ka ce "uu", bayansa ne ya tashi. Wasulanmu biyar, a, e, i, o, u, kowanne da dogo da gajere, kuma tashi da saukar harshen nan na daga cikin manyan abubuwan da ke bambanta su. Wanda ya shimfiɗe harshe a kan kowane wasali, duk waƙarsa za ta karkata zuwa "a" mai duhu. Sannan ga baƙaƙe. T, d, n, l duk sai kan harshe ya tashi ya taɓa hanƙa. Muna da ra iri biyu, ra-gare da ra-kaɗe, kuma babu wadda za ta fito kan harshe yana zaune a bayan haƙoran ƙasa. Ƙ da ts, waɗanda muke kira tunkuɗau, akwatin murya sama yake yi kafin su fito. Ɓ da ɗ kuwa, haɗiyau, ƙasa yake yi. Ka ga mai waƙar Hausa yana bukatar maƙogwaron da ke iya hawa da sauka a cikin kalma guda. In gindin harshe ya danne shi, "ƙasa" za ta koma "kasa", "ɗaki" ya koma "daki". Mu kuwa mutanenmu baiti suke saurara. In ba a ji kalma ba, komai daɗin murya an yi asara.

Alaramma: Assalamu alaikum. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kada a haɗa, amma gaɓoɓin da ake aiki da su ɗaya ne, shi ya sa zan yi magana. A ƙidayar Ibnul Jazari, babban malamin tajwidi, mafitar haruffa 17 ce. Guda 10 daga ciki a harshe suke, kuma haruffa 18 ne ke fita daga gare su, tun daga can ƙarshensa inda harafin ƙafun yake, zuwa tsakiya, zuwa gefe, zuwa kai. Akwai kuma haruffa 7 na isti'ila'i waɗanda sai bayan harshe ya ɗaga ake furta su daidai. Don haka mu a wajenmu babu wani mazauni guda da ake cewa harshe ya tsaya. Abin da muke hana almajiri shi ne takallufi, wato ya matse wuya yana ƙaƙaro kauri don a ce yana da murya. Irin wannan ba ya kai ƙarshen izu muryarsa ta gaji.

Sha'iri: Allah ya gafarta Malam, ai ka ga maganata ta fito. A sake shi kawai.

Alaramma: A'a, ban ce haka ba. Harshen da aka saki aka manta da shi ba ya fitar da harafin lada daga mafitarsa. Horo ake yi masa har ya iya zuwa inda ake so da sauri, ya dawo.

Malam mai kwaya: Madalla da Alaramma. Ɗan'uwana Sha'iri, taka ta fi tawa haɗari ga mai koyo. Ka ce wa yaro ya saki harshe gaba ɗaya, ka ga inda zai faɗa. Baya zai zame, musamman in ya ɗaga kai yana neman sautin sama. Kai shekarunka ne suka gyara maka ba ka sani ba. Kuma Malama, ki yi mini adalci. Babu mai hankalin da zai ce a furta "t" kan harshe yana ƙasa. Inda ake jan wasali nake magana, inda mawaƙa talatin za su riƙe sauti guda na tsawon numfashi. In kowa ya ajiye harshensa inda ya ga dama, muryoyin ba za su haɗu ba. Wannan ilimin ba jiya aka fara shi ba. Tun 1854 wani malamin waƙa ɗan asalin Sifaniya, Manuel García, ya sa ƙaramin madubi a maƙogwaronsa da hasken rana ya kalli tantanin muryarsa yana motsi. Mutanen nan sun san abin da suke yi.

Ɗalibin likitanci: Gaskiya ne, kuma likitocin kunne, hanci da maƙogwaro sun amfana da wannan madubin ƙwarai. Sai dai an wuce nan. A birnin Freiburg na Jamus masu bincike sun sa ƙwararrun mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa, a cikin na'urar MRI suna rerawa ana ɗaukar hoton cikin baki. Abin da ake gani a hotunan, harshe yana canza siffa daga wasali zuwa wasali, yana kuma gyara zama in sauti ya hau. Ba a shimfiɗe yake wuri guda ba, ko a bakin waɗanda suka fi kowa horo.

Malamar Hausa: Malam, in maganarka ta tsaya a kan cewa kan harshe ya huta kusa da haƙoran ƙasa lokacin jan wasali, ba ni da ja. Wannan yana hana shi zamewa baya. "Sauran ya shimfiɗe" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. A kan "ii" da "ee" dole tsakiyarsa ta yi tudu. Kuma salon da kake koyarwa an gina shi ne a kan Italiyanci da Latin, don babban ɗaki da muryoyi masu yawa. Yarinyar nan amshi take yi da Hausa a gaban makirfo.

Mai situdiyo: Ni ban san tsoka ba, abin da kunnena ke ji zan faɗa. Masu danne harshe suna zuwa mini da yawa, musamman samari masu son muryar manya. Shi a cikin kansa yana jin muryar ta cika ta yi girma. Ni kuma a lasifika sai in ji ta dushe, ba haske, kalmomi sun cakuɗe. Kwamfuta tana iya gyara wa mutum sautin da ya kauce, amma ba ta iya mayar da baƙin da ya haɗiye. Sau da yawa nakan ce masa ya karanta mini baitin da muryar hira tukuna, sannan ya rera shi a haka. Nan take sai abin ya washe.

Baba mai kalangu: Yara, na ji ku duka. Mu da muka bi mawaƙa a filin biki ba lasifika, abin da ake duba wa ɗan amshi shi ne a ji abin da ya faɗa daga bayan taro. Wanda muryarsa ta maƙale a wuya ba ya daɗewa a ƙungiya. Amma ban taɓa jin maigida ya ce wa yaro ga inda zai sa harshe ba. Cewa yake yi, "Faɗi a ji." Sai yaro ya yi ta yi har ya gano.

Sha'iri: Allah ya ƙara girma, Baba. Ita ce dai maganata.

Malam mai kwaya: Baba, da girmanka, masu ganowa sun gano. Waɗanda ba su gano ba kuma sun koma gida, ba wanda ya ƙirga su. Aikin malami shi ne ya rage yawansu.

'Yar amshi: To ni yanzu me zan yi? Ranar Asabar muna da ɗauka.

Ɗalibin likitanci: Ki sa babban yatsa a ƙarƙashin haɓa, wurin nan mai taushi bayan ƙashi. Ki haɗiyi yawu, za ki ji ya yi tauri. Wannan taurin ne ba a so ya zauna yayin da kike jan wasali. Ki rera "aa" a sautin da bai wahalar da ke ba, yatsan yana wurin, ki hau a hankali. Inda kika ji ya ƙanƙame, nan matsalar ta fara, sai ki sauko ki rage ƙarfi. Kina iya fito da harshe ya ɗan hau leɓen ƙasa ki rera baitin a haka na ɗan lokaci, sannan ki mayar da shi ki sake rerawa. Muƙamuƙi ma ki lura da shi, don su biyun tare suke ƙanƙamewa. Ga hunturu ya shigo, ki yawaita shan ruwa. In kuma murya ta dishe har ta wuce mako uku, wannan ba ta motsa harshe ba ce, ki je a duba miki maƙogwaro a asibiti.

Malam mai kwaya: Cokali dai ki bar shi, ban taɓa sa kowa ba. Amma kan harshe a bayan haƙoran ƙasa in ana jan sauti, ina nan a kai. Mai situdiyo, ranar Asabar ka ɗauke ta sau biyu a baiti guda, ɗaya yadda na ce, ɗaya yadda Sha'iri ya ce, ka turo mana ba tare da ka faɗi wanne ne wanne ba.

Malamar Hausa: A zaɓi baitin da ke da "ii" mai tsawo da ƙ da ɗ a ciki, in ba haka ba gwajin bai nuna komai ba.

Mai situdiyo: An gama. Ƙanwata, ki zo da wuri kafin a ɗauke wuta.