Injin fotokofinmu yana fitar da aiki a karkace, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni sakatariya ce a wata makaranta a Zariya, jarrabawar zango na uku kuma saura kwana 9. Injin fotokofin ofishinmu, tokunbo ne da aka saya shekara uku da suka wuce, ya fara fitar da aiki a karkace. Layi sai ya faro daidai daga hagu, kafin ya kai dama ya gangara ƙasa, har lambar shafi takan yanke. Wani sa'in ya ja takarda biyu tare, wani sa'in ya cije ta ta fito a cukurkuɗe. Jiya kaɗai na yi asarar kusan rabin rim. Wani ya ce sai an canza dram, wato sandar nan ta cikin injin da ke ɗora rubutu a kan takarda, kuɗin da ya yanka kuwa ya fi ƙarfin ofis. Don Allah masu sani ku agaza min.

Wani mai gyaran injin a Sabon Garin Kano:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda a taɓa dram tukuna. Idan dram ya gaji, zane-zane da ɗigo-ɗigo yake kawowa, ba ya karkatar da rubutu. Ki fara gano inda ciwon yake. Ki sa injin ya buga takardar lissafin kwafinsa da kansa, ba tare da kin ɗora komai a gilashi ba. Idan ta fito sambal, matsalar daga sama take, wato wurin da ke jan takardar asali. Idan ta fito a karkace, ƙasa za a duba. Sai ki sake gwadawa daga tiren gefe, wanda ake sa takarda da hannu. In na gefe ya fito daidai, to tiren ƙasa da rolarsa ne masu laifi.

Wata mai shagon kwafi a Katsina:
Yaya, ni ma ya taɓa yi min haka, ashe 'yan madogaran nan biyu na cikin tire ne suka saki. Yarona ya buɗe su zai sa babbar takarda, bai mayar ba. Faɗin A4 milimita 210 ne, ki matso da su sai sun taɓa gefen takardar ba tare da sun lanƙwasa ta ba. Kuma kada ki cika tire ya wuce layin da aka zana a jikinsa.

Sannan damina ake ciki. Takarda tana shan sanyi ta manne da juna, shi ya sa yake jan biyu. Ni rim ɗina a leda nake ɗaure shi, na ɗora kan kanta, ba ƙasan siminti ba. Kafin ki zuba, ki karkaɗa ta iska ta ratsa, ki buga gefenta a tebur ta daidaita. Mai giram 80 ta fi mai 70 jure wannan yanayi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na gwada: tiren gefe lafiya lau, na ƙasa ne ke karkata. Na matse madogaran, ya yi sauƙi, amma da saura.

Mai gyaran injin:
To Hajiya, rola ce. Ki kashe injin, ki zare soket, ki ba shi kamar minti 20, domin wurin da ke gasa tona, wato garin tawadar injin, yana da zafi sosai. Ki zaro tire gaba ɗaya, ki leƙa sama, za ki ga rolar roba. Ki shafa ta da yatsa. Mai lafiya tana da kaushi, tana kama fata; wadda ta cinye kuwa santsi take yi tana sheƙi, kuma sau da yawa gefe ɗaya ke riga ɗaya cinyewa, sai ta ja takarda da kusurwa. Ki goge ta da tsumma mai tsabta da ɗan ruwa kaɗan, ki bari ta bushe. Ban da fetur, ban da kananzir, suna lalata roba.

Akwai wata rolar can ciki, daf da dram, wadda takarda ke dungura ta ɗan tsaya bakinta ya miƙe kafin ta wuce. Ƙurar takarda na taruwa a kanta, ko sifirin ɗin gefe ɗaya ya saki. Wannan ki bar wa mai gyara. Kuma in wani ya ce zai shiga saitin masu gyara ya canza lambobi, ki dakatar da shi: lambobin suna gusar da rubutu ne sama ko gefe, ba sa miƙe takardar da ta shiga a karkace.

In gogewar ba ta yi ba, a canza rolar tare da 'yar robar da ke raba takardu, a tafi da lambar samfurin injin wajen saye. Kafin nan ki ci gaba da buga jarrabawar ta tiren gefe, kina sa takarda kaɗan-kaɗan.