Na sauya kati, komai ya rikice, ku taimaka

Ɗan Ader: Salamu alaikum 'yan uwa. Bara na haɗa wa kawuna na'urar da ke tada famfon sola a lambun albasarsa kusa da Tahoua, da kati mai ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki STM32F103. Shi ya biya mini makaranta tun rasuwar baba, kun ga ba ni da bakin ce masa a'a. Ruwan damina ya shiga akwatin, katin ya ƙone, wanda na samu a Yamai wani samfurin ne, STM32F401. Na kwashe shirin na zuba masa. Fitilar katin da ke ƙafar PC13 tana kyaftawa, amma USART1, tashar aika rubutu, shirme yake fitarwa, allon nuni da ke kan layin I2C kuwa ko motsi. Kwana 4 ba barci, ga dashe ya matso, kawu har ya daina gaisuwa sai "ya famfo?"

Babban Injiniya: Jabu aka sayar maka, ƙanena. Shekara da shekaru ina wannan aiki, daga jin bayanin na gane. Jefar da shi.

Maman Nana: Wane gudu ka sa wa agogon katin, kuma me ka rubuta a BRR, rajistar saurin USART? Ba ka faɗa ba. In 7500 ka bari, lissafin agogo mai 72 MHz ne a kan saurin aikawa 9600. F401 in ba a tada PLL mai ninka gudun agogo ba, agogon ciki yake bi, 16 MHz, sai ka sa 1667. Ka duba kiristal ɗin ma, na tsohon katin 8 MHz ne, na baƙin katin nan na F401 yawanci 25.

Mai Gyara Wadata: Ni ma haka wani mai shago ya yi mini, guda 5 na saya, 2 matattu, na koma ya ce wai zafi ne ya kashe su. Ga kuran da ake ɗaukewa kana tsakiyar walda.

Babban Injiniya: Kun ji ko? Jabu ne. Ba agogo ba ne, Hajiya.

Ɗan Ader: Maman Nana, ban taɓa BRR ba, don bara yana aiki lafiya lau. Kuma da hannu nake rubuta rajista, ba na son CubeMX, manhajar da ke rubuta saitin da kanta, cika shiri yake da tarkace.

Maman Nana: Bara wani kati ne, ɗana. A F103 agogon GPIO, wato tashoshin ƙafafun katin, yana layin APB2, a F401 ya koma layin AHB1, kowace tasha da nata makunni. Ka kunna na GPIOB? Ƙafafun I2C, PB6 da PB7, sai ka ba su AF4, lambar aikin I2C, a rajistar AFRL, babu AFIO irin na F103 a nan. Ko sau ɗaya ka bar CubeMX ya fitar maka, ka gwada da naka.

Babban Injiniya: Ɓata lokaci. Sayi katin Arduino ka huta.

Ɗan Ader: Arduino kuma, Malam? In sake komai daga farko? Fitila fa tana kyaftawa, ai da agogo ne matsalar da ba za ta yi ba. Kawu na kira, bari in ɗauka.