Matatar naitiret a tankin kifi na gida: wa ya taɓa haɗawa, yaya kuka kwashe?

Ɗan Tanki:
Assalamu alaikum jama'a. Tankina lita 200 ne, kifin ado na tafkin Malawi ne a ciki. Cikin sinadaran da dattin kifi ke tarawa a ruwa, amoniya babu, naitirait babu, amma duk sanda na auna naitiret sai ruwan gwajin ya yi jajir, wajen miligiram 80 a lita. Ina canjin ruwa duk Juma'a, gansakuka kuwa ta hana gilashi sakat. Na ji ana maganar wata matata da ke cinye naitiret. Don Allah wanda ya taɓa haɗa ta da hannunsa ya ba mu labari, bayanin masu shago ya ishe ni.

Malamin Kemistiri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, filtar da kake da ita ce ke haifar maka da naitiret ɗin, kuma aikinta ke nan. Bakteriyar da ke cikinta suna amfani da oksijin su mayar da amoniyar kashin kifi naitirait, su mayar da naitirait naitiret, daga nan sun gama. Masu ƙarasa aikin wasu ne daban, sai inda oksijin ya ƙare suke yinsa: suna shaƙar naitiret a madadinsa, su saki iskar naitirojin ta fice abinta.

Tawa da fayif na roba mai faɗin inci 4 na yi ta. Na naɗe siririn tiyon iska kamar mita 20 a jikin bangonsa ta ciki, na cika tsakiya da dutse mai huji-huji, na toshe sama da ƙasa. Ruwa na bin tiyon a hankali, bakteriyar da ke manne a hanya suna cinye oksijin, kafin ya isa wajen duwatsun oksijin ɗinsa ya ƙare. Da ɗigo ɗaya a daƙiƙa ake farawa, kuma sai ka yi haƙurin wata ɗaya zuwa biyu kafin ta kama. A tsakanin nan naitirait take fitarwa, wanda ya fi naitiret ɗin da kake gudu dafi nesa ba kusa ba, don haka ni a bokiti na riƙa tara ruwan ina aunawa. Ranar da duka biyun suka nuna sifili na mayar da bakin tiyon cikin tanki, sannan na riƙa ƙara gudun kaɗan-kaɗan, ina barin kwanaki tsakani.

Anti Nas:
Malam, ka bar abin da ya fi wahala, wato saita ɗigon. Ƙaramin makunnin da ake sayarwa da tiyon iska ba ya zama inda ka bar shi. Ni sabuwar robar ƙarin ruwa na saya a kemis, mai 'yar tayar nan da ake murzawa, ga kuma kwalbar da za ka ga ɗigo yana sauka ka ƙirga. Ita ma tana daskarewa da yauƙi, duk safiya sai na leƙa ta.

Amma ƙanena, yi wannan lissafin kafin ka kashe kuɗi. A irin robar nan ɗigo 20 ne mililita ɗaya. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ke nan lita 4 da 'yan kai a kwana guda. Tankinka lita 200. Muddin ba ta kai matakin da ruwa ke zuba siriri ba yankewa ba, jarka biyu na canjin ruwa sun fi ta aiki. Tawa ta kai can, ta riƙe min tanki a wajen 20, amma ba ta raba ni da bokiti ba.

Injiniya:
Duk wanda ya rubuta yadda ake haɗa wannan abin bai san ɗauke wuta ba. Idan famfo ya tsaya, ruwan ciki ya kwanta, naitiret ya ƙare, sai wasu bakteriyar su koma kan salfet, wani sinadarin farar wuta da ke cikin ruwa, su fara yin iskar nan mai warin ɓaragurbi. Guba ce ga kifi. An taɓa ɗauke mana wuta tun dare har azahar, ana kawowa matatar ta tura abin da ta tara cikin tanki. Warin ne ya fara iso ni daga tsakar gida, ina shiga na tarar da kifayen sun taru a sama suna haki, baki a buɗe. Canjin rabin ruwa da famfon iska mai batir ne suka cece su, ban da guda biyu.

Yanzu ɗan famfonta yana kan inbata, bai fi wat 5 ba. Wanda ba shi da sola ko inbata, da an ɗauke wuta ya zare bakin tiyon daga tanki, in an kawo ya bar ruwan farko ya zuba a bokiti, ya shinshina, sai ya ji ba wari ya mayar. Ko da wuta ma, in ka matse ɗigon da yawa warin nan zai zo. In ka sake shi da yawa naitirait zai zo. Tsakaninsu ake nema. Kuma ruwan da ke fitowa ba oksijin a cikinsa, a sauke shi inda kumfar iska take, musamman a zafin Maris da Afrilu da ruwa ba ya riƙe iska sosai.

Hajiya Mai Furanni:
Ɗana, ka auna ruwan da kake zubawa kuwa? Ni na daɗe ina canjin ruwa naitiret ba ya sauka, ashe rijiyar gidanmu ce da kanta take nuna wajen 40. Unguwa ce mai cunkoso, shadda kusa da rijiya. Masu kusa da gonakin da ake zuba takin zamani ma sukan gamu da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 a lita ta sa a matsayin iyakar ruwan sha, saboda jarirai, don haka ranar hankalina ya bar kan kifi ya koma kan randa.

Na sauya wajen ɗibar ruwa, sannan na jera reshen furen nan mai yaɗo da ake kira moni-filan a bakin tanki, saiwa a ruwa, ganye a waje. Saiwoyin sun yi fari sun sauko har tsakuwa. Ba ya sauri, amma ba ruwansa da ɗauke wuta. A dai kula da yara, ganyensa yana ƙona baki in an tauna.

Ɗan Tanki:
Hajiya, na gode, wallahi ban taɓa aunawa ba. Malam, na ji ana cewa sai an riƙa ba matatar abinci, har da batun giya?

Malamin Kemistiri:
Bakteriyar na buƙatar abinci mai kabon, shi ya sa Turawa ke ɗiga mata bodka. Ba sai ka shigar da ita gidanka ba, farin ruwan khal ko ruwan sukari suna yin aikin. Ni da sirinji nake sa khal, ɗan mitsitsi, don in ya yi yawa tanki zai yi fari fat da bakteriya su cinye oksijin ɗin kifi. Tanki mai kifi da yawa irin naka wani lokaci dattin ruwan kaɗai ya ishe ta, ka fara ba tare da komai ba.

Mai Kifin Malawi:
Ni matata mai farar wuta nake amfani da ita, ba ta son ciyarwa, ƙwayoyin farar wutar ne abincin bakteriyar. Matsalarta ruwan yana fitowa da tsami, kifinmu kuwa ruwa mara tsami suke so, mai pH (ma'aunin tsamin ruwa) wajen 8. Sai na sa wani fayif a gaba cike da dakakken ɓawon kawa, irin na masu haɗa abincin kaji, a wanke shi tas. Yana narkewa a hankali, sai ana ƙarawa.

Wani abu kuma: in kayan gwajin naitiret na kamfanin API ne da kai, kwalbar sinadari ta biyu sai ka girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30, ka haɗa, ka girgiza kwalbar gwajin minti ɗaya, ka jira minti 5. In ba haka ba za ta nuna maka ƙasa da gaskiya, ka ɗauka matata ta kama alhali da saura.

Ɗan Tanki:
Jama'a na auna. Ruwan 'yan garuwa da nake saya ya nuna wajen 30, na burtsatsen masallacinmu bai kai 5 ba. Zan koma can, in rage abinci, in sa furen Hajiya. Fayif ɗin ma na riga na saya. Injiniya, inbatata takan mutu wajen asuba, awa biyu zuwa uku kafin rana ta fito. Wannan tsayawar za ta kawo warin?

Injiniya:
Tawa ta sha tsayawa haka ba ta yi wari ba, amma a lokacin da sauran naitiret a tanki. Idan naka ya sauka sosai, ka riƙa shinshinar ɗigon farko da safe kafin ka bar shi ya shiga.