Cike fom a intanet: abin da ya same mu a Nima da Mamobi

Mai buɗe zance, Nima: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tun da aka soma haɗa layukan waya da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a 2021, harkokinmu da yawa suka koma cike fom a waya. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Malamin makaranta, Mamobi: Wa'alaikumus salam. Mahaifina ganinsa ya yi rauni, da TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya da murya, yake sarrafa wayarsa. Ranar da ya zauna cike wani fom, manhajar ta riƙa ce masa ga gurbin rubutu ba tare da ta faɗi na mene ne ba, domin ba a liƙa wa guraben suna ba. Da ƙyar muka kai ƙarshe, sai aka ce ya zaɓi hotunan da ke da fitilar hanya don a tabbatar mutum ne ba na'ura ba. Abin da ya fi damuna shi ne, in ba na gida, yaron shago yake miƙa wa wayar da katinsa, har da lambar sirrin da ake aikowa ta saƙo. Matakin da aka sa don tsaro shi ya tilasta masa tona asirinsa.

Hajiya mai sayar da atamfa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Malam. Ni kuwa sunana yana da alamar hamza, fom ya ce ba suna ba ne, na cire ta, sannan aka ce bai dace da na katina ba. Lambar waya ma na fara da 0, ashe 233, wato lambar ƙasar Ghana, ake so, kuma ba a faɗa ba sai da duk abin da na rubuta ya goge.

Mai gina shafuka, Madina: Hajiya, laifin namu ne. Muna hana alamar ne don tsoron masu kutse da ke cusa umarni cikin rumbun bayanai ta gurbin suna, alhali maganin shi ne uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar fom ɗin, ta raba bayanin mutum da umarni, ta kuma sake tantance komai. Dokar kare bayanai ta 2012, wato Act 843, ta ce kada a tattara abin da ya wuce buƙata, amma na sha ganin fom yana neman adireshin GhanaPost GPS ba gaira ba dalili. Malam, ku canza wa Baba lambar sirrin kuɗin wayarsa yau, in kuma an taɓa asusunsa ku kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana.