Shawarwarin Matan Zumunta Kan Girma Cikin Bangaskiya

Tambayar da aka jefa a taron Zumuntar Mata na cocinmu ita ce: ta yaya mai bi zai girma cikin Almasihu alhali aiki ya yi masa yawa? Amsoshin sun fito ne daga gona da kasuwa.

Wata dattijuwa ta buɗe Yakubu 5:7, inda manomi yake jiran ruwan farko da na ƙarshe. Ta ce wanda ya shuka dawa a watan Yuni ba ya tono ƙasa kullum don ya ga ko ta tsira, amma ba ya fasa noman ciyawa. Shawararta: a riƙe addu'ar asuba ko da ba a jin komai a zuciya.

An fi daɗewa a kan mudu, kuma a ganina nan ne maganar ta fi ciwo. Masu sayar da hatsi suka yarda cewa jarabar rage awo tana nan lokacin da mai saye ya kau da kai, hannu kuma yana kan tiya. Aka karanta Karin Magana 11:1, cewa ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. "Mama, in kasuwa ta yi tsada fa?" in ji wata matashiya. Aka amsa mata: ki faɗi farashinki a fili, amma ki cika mudu.

Kan fushi a gida, Afisawa 4:26 aka ɗauka: a sasanta kafin rana ta faɗi. Waɗanda ba su iya karatu ba, aka ce jikoki su riƙa karanta musu Littafi Mai Tsarki bayan tuwon dare.